Kunun Jegon 'Yar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, amma ban da jikin murhu.

Ta zo mu ji ta, Inna!

An yi wata Bushiya, 'yarta ta haihu a ƙetaren rafi. Kun san mai jego ba ta shan kunu mai sanyi. Sai Bushiya ta dama kunun kanwa, tana sauri ta kai shi da zafinsa. Yana bisa wuta sai ga Kura.

"Sannu da aiki, Iya. Ko kunun, ko mai kunun."

Bushiya ta yi dariya. "Haba Kura, kin zo a daidai. Sai dai kunun jego ba a ba baƙo sai ya taya aiki uku. Fara da juyawa."

Ga muciyar icce, ga ludayin ƙarfe da ya daɗe cikin tukunya. Kura ta ce icce na talakawa ne, ta cafki mai ƙyalli. Cau! Ta daka tsalle tana yarfe hannu.

"Ni fa ban taɓa wuta ba!"

"Ƙarfe magulmaci ne," in ji Bushiya. "Abin da wuta ta faɗa masa, sai ya kai wa hannunki. Icce kuwa ya iya riƙe sirri. Saura biyu."

Ta zuba rabon Kura a ɗan guga mai igiya, wai a fifita shi. Ta wulwula shi, wul, wul, wul. Guga ya hau sama, bakinsa na kallon ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba. Kura ta karɓa ta wulwula. Da ta hango kunu saitin kanta, sai ta tsaya ta hangame baki. Igiya ta yi sako-sako. Shaa! Ido da kunne duk kunu, baki bai samu ba.

"Gudun ne ke riƙe shi a gindin guga. Kin tsaya, shi me zai jira? Saura ɗaya."

Kai Ɗanjuma, na ga idonka. Ka gwada da ruwan zafi, ni da kai ne.

Aiki na uku rakiya ce zuwa ƙetare. Suka isa rafi. Bushiya ta naɗe tukunya da tsumma, ta rufe da faifai, ta sa a masaki, ta shiga. Ta ba Kura ƙaton gora mai toshiya. "Rungume shi zai ɗauke ki. Kada ki buɗe."

A tsakiyar ruwa Kura ta ce a ranta: abin da ya ɗauki ƙatuwa kamata, lalle da wani abu a cikinsa. Nama ta ɓoye! Ta cizge toshiya. Bul, bul, bul.

"Iya! Babu komai a ciki!"

"Da akwai iska, ita ta ɗauke ki. Kin kore ta, ruwa ya gaje ɗakinta."

Ruwa ya yi gaba da Kura, ya watsar da ita cikin ciyawa can nesa, tana tari tana atishawa.

Bushiya ta haye. 'Yarta ta kurɓa, ta ce, "Wash, Inna, da zafi!"

"Hura ki sha, 'yar nan. Zafin nan na sha wuya a kansa."

To kun ji: kwaɗayi mabuɗin wahala, wanda aka ce kada ya buɗe kuma ya bari. Rafi kuwa, ko da gora goma, kada in ji ƙafar ɗayanku ta je.

Ƙurunƙus kan bushiya, ba don ƙayarta ba da na shafa mata kai.