Kwamfuta Mai Tsagaggen Sikirin

Wasu masu gyara, ku ji tsoron Allah. Mutum bai gama sallama ba kun yanke masa hukunci, ko abin da ya kawo shi ba ku tambaya ba.

Akwai wani direban motar yashi da 'yarsa ta rasa ganinta tana aji biyar. Malamarsu ta ce yarinyar akwai ƙwaƙwalwa, amma in aka dawo hutu ba ta da kwamfutar da za ta riƙa karanta mata darasi da murya, sai dai ta zauna a gida.

Ya samo wata ta hannu, tsohuwa tukuf, nauyi kamar bulo. Sikirin ɗin ya tsage, rabinsa baƙi ƙirin. In aka kunna ta, sai ka yi wanka ka fito ba ta farka ba. Manhajar karatun kuwa ta ƙi hawa.

Kwana uku yana zaga layin masu gyara da ita a buhu. Duk wanda ya buɗe, sikirin yake fara gani. Wani ya ce an daina yin irinsa tun yana goye. Wani ya ce ya kai wa matarsa ta riƙa yanka albasa a kai. Shi kuma bai faɗa wa kowa larurar yarinyar ba, don "Allah sarki" na mutane ya ishe shi.

Ana gobe komawa makaranta, ƙafa ta kai shi teburin wata mata a ƙarshen layi, wadda maƙwabtanta ke tsokana da Uwar Tarkace. Ya ce mata sikirin yake nema. Ba ta ko taɓa buhun ba, ta tambaye shi wa zai yi aiki da kwamfutar, kuma wane aiki.

Sai ya faɗa mata gaskiya.

"'Yata ce. Ba ta gani."

"To Malam, sikirin ɗin da kake wahalar nema, wa zai kalla? Kunne za mu yi wa aiki."

Ta zazzage wani gwangwani cike da tsofaffin ram, 'yan abubuwan nan da ke ƙara wa kwamfuta sauri. Na farko ya ƙi, na biyu ya ƙi. Direba sai gumi, har ya fara naɗe buhunsa. Na biyar ya kama. Ta kwashe manhajojin da suka yi wa kwamfutar nauyi, ta ɗora manhajar karatun, ta sauya sifika, ta ɗiga gam a kan wasu maɓallai don yatsa ya gane wurinsu.

A gida yarinyar ta danna, kwamfuta ta yi magana. Uban ya sunkuyo a kanta.

"Baba, matsa mana, numfashinka ya hana ni ji."

Washegari shi da kansa ya riƙa mata jaka har ƙofar aji.

Darasi: Kafin ka raina abin da mutum ya riƙo, tambaye shi buƙatarsa. Kai kuma mai buƙata, ɓoye damuwarka ba ya rage ta. Ku tura wa duk mai gyaran da kuka sani. Wanda bai taɓa sallamar mutum da dariya ba tare da ya saurare shi ba, ya fito ya ƙaryata ni.