Dakashin Akuya da Ƙoƙon Tururuwa

Akwai wata mace a wani ƙauye, tana zaune da mijinta da surukarta, tsohuwa mai kiwon awaki. A garin nan al'ada ce, in mace ta haihu sai a tatsi dakashinta a ƙoƙo, wato nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, a jefa tururuwa a ciki. In tururuwa ta fito, nono lafiyayye ne. In ta mutu, sai a ce mugun nono ne. To, abu mai danƙo haka, ina tururuwa za ta iya fita? A haihuwar matar nan ta fari tururuwa ta mutu. Aka hana jaririn nonon uwarsa, aka yi ta ɗura masa ruwa da madarar akuya. Zawo ya kama shi, bai kai ranar suna ba.

Bayan shekara biyu Allah ya sāke ba ta ciki. Kowa yana murna, ita kuwa tsoro ne ya cika ta, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta fara zuwa awo a asibiti. Ungozomar asibitin ta koya mata yadda ake rungumar jariri ya kama nono da kyau, ta ce ta riƙa cin wake da zogale da gyaɗa, ta kuma gaya mata dakashi shi ne abincin farko da kariyar jariri daga cuta. Sa'an nan ta ce, "Amma ranar haihuwa ba ki da baki, 'yar'uwa. Wadda za ta tsaya a kanki, ita za ki shirya tun yanzu."

Matar ta kai wa mijinta maganar. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Ke ma ai kin san Inna." Iyakar taimakonsa ke nan, bawan Allah. Suruka kuwa ba a yi mata gardama. Sai matar ta yi ta addu'a tana jira.

Cikin yana wata bakwai, wata akuya ta haihu da hantsi. Tsohuwa ta durƙusa a turke, tana kai bakin ɗan akuyan ga hantsar uwarsa. Matar ta ɗauko ƙoƙo, ta russuna, ta ce, "Inna, in tatse wannan na farkon in zubar, kada ya cuci ɗan?"

"Kul!" in ji tsohuwa. "Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Shekara arba'in ina kiwo. Ɗan akuyan da bai sha dakashi ba, da wuya ya ga damina."

Matar ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "To Inna, Allahn da ya yi wa akuya wannan tanadi, mu ya manta da mu ne?"

Tsohuwa ta miƙe tsaye. Ta kakkaɓe zanenta ta shige ɗaki. Kwana da kwanaki gaisuwa kaɗai take haɗa su, har matar ta ɗauka ta ɓata lamarin gaba ɗaya.

Ranar haihuwa ta zo, ta haifi 'ya mace. Nan da nan maƙwabta suka shigo da ƙoƙo, da tururuwa a ƙunshe cikin ganye. Mai jego tana kwance, ko hannu ba ta iya ɗagawa. Ta ga surukarta ta miƙa hannu ta karɓi ƙoƙon, sai ta rufe ido.

Tsohuwa ta kife ƙoƙon a ƙasa. Ta ce, "Ku mai da tururuwan nan raminsu. Jikata ba za ta kasa ɗan akuya gata ba. Na ba da ɗaya an binne, ya isa." Ta ɗauki jaririyar da hannunta, ta ɗora ta a ƙirjin uwar. Jaririya ta lalubo nono ta kama. Uwar ta yi wata doguwar ajiyar zuciya wadda ta riƙe kusan shekara uku, hawaye yana zuba, tana dariya. Ran suna yarinyar ta cika gidan da kuka mai ƙarfi, kowa ya ji daɗinsa.

Ga abin da misalin nan yake koya mana, 'yan'uwa. Dakashi shi ne tanadin Allah, wanda yakan shirya tun kafin mai bukata ya iso. Ƙoƙon tururuwa kuwa shi ne awon da muka gāda, wanda muke ƙin alherin Ubangiji da shi don bai yi kama da abin da muka saba ba. Matar nan ba ta jira ranar naƙuda ba. Ta nemi sani, ta yi addu'a, ta yi magana da ladabi tun tana da ƙarfin yi. Ku mata masu juna biyu, ku shirya jikinku, ku shirya mutanen gidanku kuma. Ku maza, sosa ƙeya ba taimako ba ne. Mu tsofaffi kuwa, kada kunyar cewa mun yi kuskure ta sa mu sāke haƙa kabari. Duk wanda yake da irin wannan ƙoƙo a gidansa, ya je ya kife shi yau.