Digirin da Ham Dusik Ya Saya

Ham Dusik gwanin inji ne, amma girman kai ya yi masa katutu. Shekara sha tara muka yi tare da shi a wata masana'antar ƙera injinan jiragen ruwa a birnin Changwon na Koriya ta Kudu. Ya girme ni da shekara uku, don haka Yaya nake ce masa. Idan inji ya sauya kuka, sai ya ɗora tafin hannunsa a jikinsa, ya kasa kunne, ya ce a kwance wuri kaza, kuma a nan ɗin za a tarar da matsalar. Sai dai takardarsa difloma ce ta shekara biyu, irin tawa. Duk shekara ana kawo mana masu digiri, shi zai koya musu aiki, bayan 'yan shekaru su zama shugabanninsa. Wannan abu ya daɗe yana ci masa rai.

Da aiki ya ja baya aka fara rage ma'aikata, sai muka yanke shawarar neman ƙaura zuwa Ostireliya, inda ake neman masu sana'a irin tamu. Muka je ofishin wata mai shirya takardun ƙaura, Madam Pyo. Ta duba takardunmu ta ce hukumar da ke tantance injiniyoyi a can mataki uku gare ta. Mai digirin shekara huɗu shi ne cikakken injiniya. Mai shekara uku yana biye da shi. Mai difloma kuwa mataimakin injiniya ne.

"Ku biyun a mataki na uku kuke," in ji ta. "Kuma da irin gogewarku, ina kyautata zaton za ku samu."

Yaya Dusik ya tura kujerarsa baya. "Mataimakin wa? Yaran da ba su san bambancin fulaya da sufana ba?"

"Suna ne kawai a takarda, Malam Ham. Shekarunka arba'in da uku. Kana cika arba'in da biyar an rufe ƙofa. Ka shiga ta inda aka buɗe maka."

A hanyar komawa na ce masa, "Yaya, ko maigadi suka rubuta mini, ni tafiya zan yi."

Ya ce, "Kai dama tun farko ba ka da zuciya, Changho. Na yi wa mutane taimako a ƙasata shekara ashirin, ba zan ƙetare teku in ɗora daga inda na tsaya ba."

Bayan wata guda ya nuna mini wata takarda mai hatimin zinariya. Digiri ne na shekara huɗu, da sunansa, daga wata jami'a da aka rufe tuntuni. Wani dillali ne a Busan ya haɗa masa, ya tabbatar masa da cewa makarantar da ta mutu ba ta da bakin ƙaryata kowa. Madam Pyo ta ƙi karɓa, sai ya tura da kansa.

Matarsa Miran ta yi iya ƙoƙarinta. Wata Lahadi ina gidansu muna cin shinkafa da miyar kifi, ta ajiye cokali ta ce, "Baban Sora, don girman Allah ka janye takardar nan. Ta gaskiyar ta ishe mu."

"Ke ma so kike a riƙa kiran mijinki ɗan aike?"

"Shekara sha shida ina cin abincin ɗan aiken, ban taɓa kwana da yunwa ba."

Ya ce mata magana ta ƙare.

Bai ma jira amsa ta zo ba. Ya ajiye aiki. A wajen cin abincin bankwana ya miƙe gaban kowa, ya dubi shugaban sashenmu, Injiniya Bang, wanda Yaya Dusik ɗin ne ya koya wa riƙe sufana, ya ce, "Daga yau in injinku ya yi tari, ku karanta masa digirinku." Wasu suka yi dariya, Bang ya sunkuyar da kai. Yaya Dusik ya sa Miran ta saki gidan hayarsu suka koma ɗaki ɗaya a gidan mahaifiyarta. 'Yarsu Sora, mai shekara sha biyar, ya cire ta daga makaranta ya sa ta ajin koyon Turanci. Yarinyar ta yi sallama da ƙawayenta, har ta kyautar da kayan makarantarta.

Wata biyar bayan haka amsa ta zo. Ashe da aka rufe jami'ar, an kwashe rajistar ɗalibanta an adana a hannun hukuma. Masu tantancewa sun rubuta sun tambaya, aka duba ba a ga sunansa ba. Suka ƙi takardunsa, suka hana shi sake nema sai bayan shekara uku. Ya kira dillalin, wayar a kashe. Ya koma wurin Madam Pyo da diflomarsa ta gaskiya a hannu, ya ce ya yarda da matakin mataimaki.

Ta ce, "Malam Ham, lokacin da za a ɗage maka hukuncin, kana da shekara arba'in da shida."

Ya mayar da takardar cikin jaka.

A makon ne amsar tawa ta fito, an amince. Na rasa bakin da zan faɗa masa, sai Miran ce ta faɗa.

Ya koma masana'anta neman aikinsa. Injiniya Bang ya karɓe shi da ladabi, ya ba shi shayi, ya ce an riga an cike gurbin. Daga ƙarshe wani ɗan kwangila ya ɗauke shi aikin yini, yana wanke sassan injin da a da shi ke ba da umarnin kwance su. Miran ta kama aikin gyaran kifi a kasuwar Masan. Sora ta koma makaranta aji ɗaya ƙasa da ƙawayenta. Miran ta gaya mini yarinyar ta fi shekara ba ta zauna cin abinci tare da ubanta ba.

Bayan shekara biyu na zo gida hutu daga Ostireliya, na je ganinsa a bakin ƙofar masana'anta lokacin abincin rana. Ya rame, furfura ta cika masa kai. Muka zauna a kan dakali yana cin abincinsa a ƙaramin kwano. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni irin injinan da muke gyarawa. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Me suke kiranka a can?"

Na ce, "Da sunana suke kirana, Yaya. Tun da na je, ba wanda ya taɓa tambayata matakina."

Ya daina tauna. Ya rufe kwanon da sauran abinci a ciki. Da aka busa jiniyar komawa aiki, ya ɗauki hular kwanonsa ya shige, bai waiwayo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mutum ya tsaya a matakin da guminsa ya kai shi, ya hau na gaba da gaskiya in yana so. Ham Dusik yana da gwanintar da kuɗi ba sa saye, kuma takardarsa ta gaskiya ta isa ta kai shi inda yake buri. Ya raina abin da ke hannunsa saboda suna, ya rasa sunan, ya rasa aikin, ya jawo wa matarsa da 'yarsa wahalar da ba su suka saye ta ba. Wanda ya ƙi ƙaramar ƙofa don kada ya sunkuya, yana iya ƙarewa a waje.