Jiminar Sarkin Yaƙi da Murjanin Sha'abanu

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, ni kuwa daga bakin masu karanta su na ji, cewa an yi wani sarki a birnin Zarƙa'u, sunansa Zuhairu. Sarki ne mai son shari'a, ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Yana da waziri dattijo mai suna Nu'umanu, mutum mai ƙarancin magana. Yana kuma da sarkin yaƙi, Gailanu, wanda ƙanin uwargidan Sarki ne, jarumi a fagen fama, amma a cikin gari ba mai iya haɗa ido da shi.

Shi Gailanu yana da wata jimina da ya kamo tun tana 'yar tsako, ya rene ta da hannunsa. Ya sa mata suna Gimbiya, ya ɗaura mata munduwar azurfa a ƙafa. Ba ta da turke, ba ta da keji. Da hantsi ta fita yawo cikin unguwa, ta leƙa gidan da ta ga dama, mata su kwashe shanyarsu, yara su watse.

Katanga ɗaya ta raba gidan Gailanu da na wani attajiri, Sha'abanu, mai fataucin murjani da lu'ulu'u. Jiminar nan ta sha shiga gidansa, ta taɓa haɗiye masa mabuɗin taska, ta taɓa fasa masa tulun turare. Sai ya sa rigarsa ta zuwa fada, ya tafi ya durƙusa gaban Gailanu, ya ce, "Ranka ya daɗe, maƙwabtaka ce ta kawo ni. Da za a yi wa Gimbiya shinge, da mun ji daɗi."

Gailanu ya yi dariya ya ce, "Tsuntsuwa ce fa, Sha'abanu. Ka kore ta mana."

Ana nan sai wani ayari ya iso daga bakin teku. Fataken suka ba Sha'abanu amanar murjaninsu mafi daraja don ya sayar musu. Ya shimfiɗa buzu a tsakar gidansa, ya baje murjanin yana tantancewa a hasken rana. Aka yi sallama da shi a zaure, ya tashi ya fita. Kafin ya dawo, Gimbiya ta shigo ta ƙofar baya, ta tsaya a kan buzun tana tsince murjanin kamar tsabar gero. Abin da ba ta haɗiye ba ta tattake. Sha'abanu ya dafe kai, don ko ya sayar da gidansa da raƙumansa ba zai iya mayar wa fataken nan amanarsu ba.

Ya kai kuka wurin alƙalan gari, kowanne ya ji sunan wanda ake ƙara sai ya ce yau ba ya jin daɗin jikinsa. Da ya rasa yadda zai yi, ya tafi fada ya faɗi gaban Sarki.

Sarki ya sa aka kira Gailanu. Ya zo yana taƙama, yana fifita da mafici, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban aiki kowa ba. Jimina tsuntsuwar daji ce, halittar Allah. Ta ga dama ta kwana gidana, ta ga dama ta kwana wani wuri, ni tsaba kawai nake watsa mata don tausayi. Ba tawa ba ce. Shi kuwa da ya rufe ƙofarsa, da ba a yi haka ba."

Sarki ya dubi fadawansa ya ce, "Ga tambaya. Dabba ta yi ɓarna, ba ta da hankali. Mai kaya ya bar ƙofa buɗe. Wanda ake ce wa mai dabba ya ce ba tasa ba ce. Wa zai biya? Ba na son amsar da za ta bar ɗayansu yana gunaguni. Wanda ya warware mini ita har mai laifi ya amsa da bakinsa, zan yafa masa alkyabbar da ke jikina."

Fadawa suka dinga satar kallon Gailanu. Wani ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Wani ya ce laifin ƙofa ne. Sai Waziri Nu'umanu ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, in an yi mini izini, akwai wani labari da na ji."

Sarki ya ce, "Faɗi, Waziri."

Waziri ya ce, "An ce a wani gari na bakin kogi an yi wani mutum, Hamdanu, yana da biri. Kullum birin nan sai ya shiga kasuwa, ya dawo da abin da hannunsa ya kai: yau dabino, gobe zobe, jibi hular wani. Hamdanu ya karɓa ya adana, yana cewa, 'Birina mai arziki.' Wata rana birin ya hau rumfar wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, ya ture kaskon mai a cikin wuta, rumfa ta ƙone ƙurmus. Da aka gurfanar da Hamdanu sai ya ce, 'Ni ina na ga biri? Na dawa ne.' Alƙalin garin bai yi masa musu ba. Ya tashi da jama'a suka tafi ɗakin Hamdanu, aka fito da zobba da huluna, masu su suna ta cewa, 'Ga nawa! Ga tawa!' Alƙali ya ce, 'Ranar da biri ya kawo, naka ne. Ranar da ya ƙona, na dawa ne? Hannun da ya karɓi amfaninsa shi zai gina rumfar nan.' Hamdanu ya gina wa tsohuwa rumfa da hannunsa, kasuwa tana kallo."

Gailanu ya taɓe baki ya ce, "Labari mai daɗi, Waziri. Amma ni jimina ba ta taɓa kawo mini ko allura ba."

Waziri ya ce, "Haka ne, Sarkin Yaƙi. To, maficin nan da ke hannunka, gashin wace tsuntsuwa ne?"

Gailanu ya dubi maficin, ya sauke shi a hankali.

Waziri ya juya ga Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu bar zancen mafici, mu gaskata Sarkin Yaƙi, don babban mutum ba ya ƙarya. Jimina ta daji ce, ba ta da mai ita. Naman daji kuwa na wanda ya kama ne. A ba Sha'abanu dogarai su kama masa ita, ya yanka, ya ciro abin da ya rage na murjaninsa, ya sayar da gashin da munduwar ya rage asara."

Sarki ya ce, "Wannan daidai ne. Dogarai, a kawo wuƙa."

Gailanu ya yi wuf ya miƙe, har rawaninsa ya warware. Ya ce, "Wa zai sa wa Gimbiyata wuƙa? Ni na rene ta tun ba ta da gashi! Tawa ce, duk garin nan an sani tawa ce!"

Sai Sarki ya fashe da dariya, jama'a suka ɗauka. Waziri ya ce, "Mun ji da bakinka. Saura zancen ƙofa. Mutum a gidansa yana da ikon buɗe ƙofarsa ya sha iska. Abin da ke yawo da ƙafa shi ake ɗaurewa. Da wannan ne karon farko, da sai a ce ba ka san halinta ba. Amma maƙwabcinka ya zo har gida ya roƙe ka, ko bai zo ba?"

Gailanu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya zo. Ni ne ban ji ba. Zan biya."

Sarki ya yanke cewa Gailanu ya mayar wa fatake kimar murjaninsu kafin ayari ya tashi, ya kuma gina wa jimina shinge. Sha'abanu ya faɗi ya yi godiya, hawaye na zuba a gemunsa, ya ce shi ma bai so a yanka ta ba, don ba ta san abin da ta yi ba. Jin haka Gailanu ya miƙa masa hannu suka gaisa. Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, aka buga tambura, masu shela suka zaga gari suna cewa duk mai dabba ya tsare dabbarsa, babba ne ko yaro. Matan unguwa suka yi ta guɗa har la'asar. Fatake kuwa suka tafi suna ba da labarin adalcin Zarƙa'u, ayari ya dinga bin ayari zuwa birnin.

Masu hikima suka ce abin lura a nan shi ne, wanda ya ce dabba tasa ce ranar ado, tasa ce kuma ranar ɓarna, girman mutum kuwa ba ya sauke masa haƙƙin maƙwabci. Iyakar abin da littafin ya kawo ke nan, Allah shi ne mafi sanin yadda aka yi.