Tsaunin da Yake Cin Gindinsa

A zamanin Sarki Nomau jikan Wari, mai Birnin Sauri, kogin da ke shayar da garin ya ƙafe da tsakiyar damina. Mafarinsa na can cikin Duwatsun Marmaro, a tsagin da ke tsakanin tsaunuka biyu, na gabas da na yamma, mazaunin wasu sarakunan aljanu wa da ƙane, Zarto da Kandamo. Sarki ya aiki Cindo magini, mai ɗaga ganuwa, ya gano dalili.

Kwana tara Cindo yana hawa, ya ratsa kwazazzabai masu zurfi, ya rarrafa kan falalen dutse mai santsi, ya wuce kogon da iska ke kuka a ciki, har gajimare ya koma ƙarƙashin ƙafarsa. A ƙwanƙolin tsaunin yamma ya tarar da Kandamo, dogo, baƙi wuluk, jajayen idanunsa kafe a kan tsaunin wansa. Aljanu dubu na haƙo duwatsu daga gindin tsaunin Kandamo suna jibgawa a ƙwanƙolinsa, ɓaraguzan kuwa sun gangara sun toshe idon ruwa.

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya tambayi dalilin aikin. Kandamo ya ce tsaunin Zarto ya fi nasa tsawo da kamu ɗaya, shi ya sa rana ke fara gaishe da Zarto, shekara arba'in ke nan abin na cinsa.

Cindo ya cika ƙwarya da ruwa, ya daidaita ido da bakinta, ya hango tsaunin gabas ya auna tsawonsa, sannan ya ce:

"Ranka ya daɗe, yanzu kamu uku ne. Ba a ƙwaƙule gindin bango don a ƙara masa tsawo. Tsauninka nutsewa yake yi."

Kandamo ya rantse sai ya jefa shi ƙasa. Cindo ya roƙi a bar shi zuwa la'asar sakaliya. Da rana ta karkata, inuwar tsaunin yamma ta haye na gabas ta rufe shi ruf, a kan tsaunin Kandamo kuwa haske na zuba jawur.

"Zarto ya san da wannan?" in ji Kandamo a hankali.

"Bai taɓa waiwayowa ba, ranka ya daɗe."

Kandamo ya aika a gaya wa Zarto, sannan ya sa aka mayar da duwatsu gindi. Ruwa ya riga Cindo isa gida, Sarki Nomau ya naɗa shi Sarkin Magina.

Makiyaya sun ce yanzu da yamma sukan ji ana haƙa a tsaunin gabas. Allah ya raba mu da ƙyashi.