Sallau da Tankin Firij

An taɓa yin wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun lokacin da firij bai zama kayan kowa ba. Sunansa Sallau. Ku saurara da kyau, har da ku na baya da kuka jingina da bango.

Sallau maigadi ne a gidan wani ɗan kasuwa, Alhaji Mamuda. Ɗaki ɗaya aka ba shi a bakin ƙofa, a nan yake zaune da matarsa Tabawa da 'ya'yansu huɗu, kuma ba su da wani wurin zuwa in ba nan ba. Shi kuwa Alhaji akwai kyauta, amma akwai zuciya. Maigadin da Sallau ya gada, madubin mota kawai ya fasa, kafin la'asar an watso masa kayansa waje.

To, Alhaji yana da firij, irin babban nan mai tankin ruwa a jikin ƙofa, ka tara kofi ka danna, ruwan sanyi ya zubo. Duk unguwar babu irinsa. Da azumi ya yi nisa, Alhaji ya kwashi iyalinsa za su tafi umara, ya kira Sallau ya danƙa masa makulli.

Ya ce, "Kullum ka cika tankin nan, maƙwabta su samu na buɗa-baki. Amma ka kula min da shi. Ka dai san ni."

Sallau ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

A shekarar ana fama da amai da gudawa, an ce kowa ya riƙa tafasa ruwan sha. Sallau kan tafasa tun da safe ya bar shi ya huce. Wata rana ya makara, ruwa bai sauka daga wuta ba sai bayan la'asar. Ya dubi rana, ya tuna masu azumi za su zo da kofuna, sai ya ce a ransa, "Ai aikin firij ke nan, sanyaya abu." Ya ɗauki tukunya tana tururi, ya juye a tankin roba da ya wuni cikin sanyi. Sai ya ji ƙas!

Jama'a, kun san irin ƙarar da kake ji a kunne amma a ciki take sauka? Ita ce. Ruwa ya fara bin ƙofa yana ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis, ɗis. Sallau ya zare wayar wuta. Ya je ya nemo mai gyara. Mai gyara ya duba ya girgiza kai, ya ce, "Wannan ba a gyara shi, canzawa ake yi, kuma babu shi a garin nan. In an aika, wata biyu." Saura kwana uku Alhaji ya dawo.

Ranar Sallau bai iya haɗiye ko kunu ba. In ya tayar da salla sai ya manta raka'a nawa ya yi. Tsoro ya kama shi sosai, ba don kansa ba, don yaran nan huɗu da damina ga ta tafe.

Kafin ya samu gadi, likin bokiti yake yi a kasuwa. Washegari ya ce bari ya gwada abin da ya sani. Ya kwance tankin a hankali, ya cika shi da ruwan shuɗin wanki don ya ga ta inda yake tsatsa, sai ga siririn layi a kusurwar ƙasa. Ya wanke, ya shanya. Ya yanko sili daga sabon kwanon roba fari, don ruwan sha ne, ba ya sa tsohon bokiti. Ya hura gawayi ya sa wuƙa. Karon farko wuƙar ta yi ja da yawa, yana ɗorawa ta ƙara buɗe tsagar. Ya ce innalillahi, gumi ya jiƙa masa riga, ga azumi a baki. Ya bar wuƙar ta ɗan huce, ya sake. Ya narka silin kaɗan-kaɗan, ya shafe, ya goge. Ya cika tanki ya ɗora a kan busasshiyar takarda, ya tsuguna yana kallo tun azahar har la'asar sakaliya. Ko ɗigo ɗaya babu. Likin kuma ya hau yadda ko shi sai ya shafa yake gane wurin.

Ku saurara, a nan jarrabawar take, ba a wajen wuƙa ba.

Tabawa ta duba ta ce, "Malam, Allah ya rufa mana asiri. Ka yi shiru kawai. Wa ya gani?"

Ya ce, "Ni na gani."

Ta ce, "To in ya kore mu, ina za mu kai yaran?"

Kada ku zagi Tabawa, uwa ce. Sallau ya dube ta. Abin da ya ce kawai, "Ki ɗaure mana kayanmu." Ta ɗaure tana hawaye.

Alhaji ya dawo. Bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, ya tara kofi ya sha ruwa, ya ce madalla. Da a ce Sallau ya juya ya fita, da shi ke nan magana ta mutu. Sai ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na yi ɓarna. Na zuba ruwan zafi a tankin nan ya tsage, ni na liƙe shi da hannuna."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya daka tsawa, "Ciro min shi!" Aka ciro. Ya juya nan, ya juya can, ya ɗaga a haske, bai ga komai ba. Ya ce, "Ina wurin?" Sallau ya kama yatsan Alhaji ya ɗora a kusurwar.

Alhaji ya shafa wurin. Can ya ce, "Da ka yi shiru, har in mutu ba zan sani ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ka san abin da zan iya yi maka?"

"Na sani. Kayanmu ma a ɗaure suke."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Shekara talatin ina kasuwa da mutane, ban taɓa ganin wanda ya kawo min laifin da ban kama shi da shi ba. Je ka ce wa Tabawa ta kwance."

Ba a ba shi gida ba, ba a ba shi mota ba, kada ku jira in ce haka. Ɗakinsa aka bar masa. Kuma wallahi ko da an kore shi, shi ne da riba, domin lokacin da ya durƙusa bai san yadda za ta ƙare ba.

Darasin a fili yake: riƙon amana ba gyara ɓarna kaɗai ba ne, har da faɗa wa mai abu cewa an yi ta. Kai tela da ka ƙone shaddar mutum da dutsen guga ka tura wurin cikin kalmasa, da kai nake. Kai makanike da ka karya abu a injin mutum ka ɗaure da waya ka rufe, da kai nake. Mai kaya bai gani ba, amma kai ka gani, Ubangijinka ya gani. Wanda ya san yana da irin wannan liki a wajen wani, kada ya bari a kira sallar gaba bai je ya ɗora masa yatsa a wurin ba. Allah ya ba mu ikon faɗa tun muna da bakin faɗa.