Tambaya Ɗaya a Hanyar Teku

Akwai wani injiniya mai suna Fatihu, mazaunin Manassas a jihar Virginia. Mahaifiyarsa, Hajiya Furera, ta zo daga Kano domin ta yi wata uku a gidansa. Shi ne ɗanta na fari, don haka tana jin kunyarsa bisa al'ada: ba ta faɗin sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta kuma taɓa kai masa kukan ciwo ba.

A hutun ƙarshen shekara, Fatihu ya shirya kai iyalinsa Virginia Beach, inda ake shiga jirgin ruwa a kalli manyan kifayen nan masu feso ruwa ta ka, waɗanda ɗaya ya fi motar bas tsawo. Tuni ya cika wa abokan aikinsa baki cewa zai kawo musu bidiyo.

"Irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa?" in ji Hajiya, tana kallon surukarta Sadiyya. "To, mu je mu ga ikon Allah."

Da suka tsaya shan mai a hanya, Hajiya ta riƙo hannun Sadiyya, ta ce a hankali, "Ƙirjina ya yi nauyi tun asuba. Amma kada ki gaya wa mutumin naki."

Sadiyya ba ta iya yin shiru ba. Ta same shi a bayan mota.

"Baban Afnan, mu juya. Hajiya ba ta da lafiya. Dubi yadda take haɗa gumi a wannan sanyi."

Fatihu ya leƙa ta taga. "Hajiya, lafiya dai?"

Ta kawar da kai. "Lafiya lau."

"Kin ji da kunnenki," ya ce da matarsa. "Yaushe kika zama likita? Awa biyu muna tuƙi, sai yanzu za ki ce mu koma?"

"Ka san ba za ta taɓa faɗa maka ba."

Ya sani. Shekara arba'in da ɗaya yana ganin haka. Amma amsar ta dace da abin da yake so, sai ya karɓe ta, ya tayar da mota.

Jirgin ya yi kusan awa guda yana nisa da gaɓa. Iska tana yankan fuska. Hajiya ta zauna a ciki, ta naɗe da mayafi, carbinta a hannu. Fatihu yana can gaba cikin 'yan kallo, ya ɗaga waya.

Kifin ya ɓullo. Baƙin bayansa ya taso daga ruwa, ya ɗaga jela ya nutse. Jama'a suka kaure da ihu.

Cikin wannan ihun Sadiyya ta fizgi rigarsa. "Hajiya ta faɗi!"

Ma'aikatan jirgin suka yi ta danna mata ƙirji, matuƙi ya juya da gudu, amma gaɓa tana da nisa. Fatihu ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta, yana ta maimaita kalmar shahada. Kafin su isa wurin motar asibiti, rai ya yi halinsa.

Likita ya ce zuciya ce, kuma ciwon ya daɗe da farawa tun safe.

Washegari bayan azahar aka binne ta a Virginia, a ƙasa mai daskarewa. Ƙannensa biyar suna Kano, suka bi jana'izar ta waya. Da aka gama, autarsu ta tambaye shi cikin kuka, "Yaya, ba ta nuna wata alama ba ne?"

Fatihu ya ce, "Ta nuna. An gaya mini."

Darasi: Ajali na Allah ne, amma kulawa tana wuyanmu. Iyayenmu sukan ɓoye ciwo saboda kunya da gudun ɗora mana nauyi. Idan tsohuwa ta ce maka lafiya lau, ka dubi fuskarta da numfashinta, ka kuma saurari wanda ta gaya wa gaskiya. Ina roƙonku da girman Allah, ku tura wannan ga duk wanda iyayensa suke raye.